Godiya ga masu shagon hayar kekuna a Tabira

Zuwa ga mai shago da ma'aikatansa, musamman dattijon da ke gyara a ɗakin baya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Na rubuta wannan takarda da Hausa, kuma a bainar jama'a, don 'yan uwana da kan zo kudancin Fotugal karatu ko aiki su san cewa a garin Tabira akwai ƙofar da za su shiga a karɓe su da mutunci. Yaba kyauta tukuici, ni kuwa ba ni da wani tukuicin da ya wuce in faɗi abin da kuka yi mini.

Daga Maraɗi na zo Faro wani kwas na ban ruwa. Da aka kammala, sai na ƙudura in hau keke in bi gaɓar teku har bakin iyakar Sifaniya, in tsallaka, in je in ga ƙasar Andalus da muke jin labarinta a zauren malamai tun muna yara. Ban san neman keken ne zai zame mini aiki ba. Shagon farko da na shiga a yankin, kekuna ne jere har bakin ƙofa, amma da matashin ya dube ni ya dubi fasfona sai ya ce duk an kama. Ina tsaye wasu Turawa suka shigo aka miƙa musu biyu. Wani shagon suka ce sai katin bashi, katin da ke ɗauke da kuɗina na kaina ba su karɓa. Wani kuma ya yanka mini kuɗin jingina da ya kusa sayen keken, da ya ji na ambaci Sifaniya sai ya kaɗa kai ya koma kan wayarsa, ko ci kanka bai ƙara ce mini ba. Ba kuɗin ne ya fi ƙona mini rai ba. Kallon ne, irin wanda ake yi wa wanda aka riga aka yanke wa hukuncin cewa gudu zai yi da kayan mutane. Ina da iyali, ina da furfura a gemu, amma na fito daga wuraren nan jikina a sanyaye.

Da wannan zuciyar na hau jirgin ƙasa zuwa Tabira, na shigo wurinku ina jiran a maimaita mini. Yarinyar da ke kan tebur ta karɓi fasfo ta kwafa, ta karɓi jingina daidai wa daida a hannu, ta ba ni rasit, ta rubuta a takardar cewa an yarda keken ya tsallaka iyaka. Shi ke nan fa.

Kai kuma Baba, kai ne dalilin wannan wasiƙa. Ka fito hannunka duk baƙin mai, ka ji ina haɗa Turanci da ƙyar, sai ka jefo mini Faransanci. Ashe ka yi shekaru kana aikin gini a Faransa, kamar ɗimbin 'yan ƙasarku da suka tafi ci-rani can a shekarun 1960 da 1970. Ka ce ka san ɗacin a tsaya gaban kanta a ƙasar wani a ƙi kallon fuskarka. Ba ka bar ni na ɗauki keken da na nuna ba, ka ce ya yi mini gajarta, gwiwa za ta kama ni kafin la'asar. Ka fito da wani, ka sa na hau, ka durƙusa ka dubi yadda diddigena ke sauka kan feda, ka ɗaga sirdin kaɗan, ka sake dubawa, ka matse birki, ka juya taya kana sauraron sarƙa da kunne. Sannan ka zuba mini famfo da kayan faci da tib guda a jakar baya, ka ce ba a lissafin haya suke ba.

Sai ka shimfiɗa taswira a kan teburin aiki, ka ɗauki jan biro. Abin da ka faɗa mini a nan zan maimaita shi, don shi ne zai amfani mai karatu. Ka ja layi a kan titin N125 ka ce in guje shi iyakar iyawata, motoci sun yi yawa kuma gudu ake yi. Ka nuna mini hanyar keke ta Ecovia do Litoral, wadda ta taso daga Cabo de São Vicente a can yamma ta zo ta ƙare a Vila Real de Santo António, tsawon kilomita fiye da 200, ka gargaɗe ni cewa alamominta kan ɓace a wasu wurare, inda ta ɓace in sa teku a damana in ci gaba. Ka ce kada in nufi babbar gadar da aka buɗe a 1991 a kan Gwadiyana, kogin da ya raba Fotugal da Sifaniya a nan, ta motoci ce zalla, ba a barin keke. Jirgin fito zan shiga daga Vila Real zuwa Ayamonte, kamar minti 15, da kekena a gefena. Ka buga agogon hannunka da yatsa ka ce da zarar na taka Sifaniya in ƙara awa ɗaya, in ba haka ba duk jirgi da bas za su bar ni. Ka ɗora mini hular kwano ka ce a can doka ce sa ta idan an fita daga cikin gari. Ka ce Ayamonte ba ta da jirgin ƙasa, sai na kai Welba, kuma in nemi jirgin matsakaicin zango, wato Media Distancia, tun da wuri don gurbin keke kaɗan ne, shi kuwa mai gudun nan AVE ba ya ɗaukar keke sai an kwance shi an sa a jaka.

Da azahar ta yi ka ga ina duba lokaci. Ban roƙa ba, kai ka share mini wuri tsakanin kekuna, ka nuna mini famfon ruwa, ka kashe rediyo har na sallame. Bayan nan ka rubuta mini kalmomi a bayan rasit, na Fotugal da na Sifaniya, don in riƙa tambaya ko abinci da naman alade, ka ja kunnena cewa har a cikin miya da wasu kayan fulawa akan sa kitsensa. Ka ce in riƙe gasasshen kifi, ba zan yi nadama ba. Gaskiyarka.

Tafiyar ta yi kyau. Na ratsa filayen gishiri, na tsaya a Cacela Velha na hangi rairayin Ria Formosa daga kan tudu, na bi inuwar dajin Monte Gordo. Da na tsallaka Sifaniya, a birnin Sebiya na ga abin da hukuma kan yi idan ta so: hanyoyin keke masu koren fenti, a ware daga na mota, waɗanda aka fara shimfiɗawa gadan-gadan wajen 2006. Daga can na kai Kurɗuba, na shiga masallacin da Abdurrahman na Ɗaya ya aza harsashinsa wajen 785, wanda aka mayar coci a 1236. Ka riga ka faɗa mini ba a barin Musulmi ya yi salla a ciki, don haka na shiga da sanina, na tsaya tsakanin ginshiƙan ina tuna cewa a garin nan Yahaya ɗan Yahaya Allaisi ya rayu, wanda riwayarsa ta Muwaɗɗa ce malamanmu ke biya mana. Mai son zuwa ya zo kafin lokacin zafi ko da kaka. Yuli da Agusta zafin kwarin nan kan haura digiri 40, kuma daga ƙarfe 2 zuwa 5 na yamma ƙananan shaguna a rufe suke, ko ruwa sai ka yi tanadi.

A hanyar dawowa sarƙa ta tsinke mini kusa da Castro Marim, ranar Lahadi, shagonku a kulle. Na kira lambar da ke jikin rasit ina ɗar-ɗar. Ka zo da motarka da kayan gida a jikinka, ka haɗa ta a bakin hanya, na miƙa kuɗi ka ture hannuna, ka ce keken naku ne, tsinkewar ma taku ce.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, me ya sa wannan ya zama abin mamaki? Yankin nan da baƙi yake ci, amma wurare da yawa sun raba baƙin gida biyu, wanda ake yi wa murmushi da wanda ake bin hannunsa da ido. Tun daga layin neman biza ake fara nuna mana matsayinmu, a karɓi kuɗinmu a ajiye mu makonni ba bayani, a filin jirgi a ware mu gefe, a masauki a ce sai mun biya duka kafin a ba mu makulli alhali na gabanmu ba a ce masa haka ba. Mu ma a gida ba mu tsira ba. Sau nawa baƙo ke shiga tasha ko ofis a ninka masa farashi don an ji harshensa daban, ko a bar shi kan benci ma'aikaci na hira? Mai keke kuwa a titunanmu ba a ma lissafa shi cikin masu haƙƙin hanya, alhali a Fotugal da Sifaniya doka ta tilasta wa direba ya bar tazarar mita ɗaya da rabi in zai wuce shi.

Allah ya ƙara kasuwa, ya ba ka lafiya da nisan kwana, Baba. A gaida yarinyar kan tebur da sauran ma'aikata.

Naku,
Wani malamin gona daga Maraɗi