Rahoton ayyukan shekara ga 'yan ƙungiyarmu ta yawon buɗe ido da motoci, Katsina

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Shugaba, iyayen ƙungiya, yayyena da ƙannena, ga rahoton abin da aka yi bana da abin da ya gagara. Na sa shi a rubuce ne don na san da yawanku a waya za ku karanta, ba a wurin taro ba.

Taron wata-wata an yi shi, in ban da na watan azumi. Fuskokin da aka saba gani su aka gani.

Batun kuɗin wata kuwa, wallahi na gaji. Fiye da rabin sunayen da ke cikin rajista akwai bashi a kansu, wasu tun na bara. Na kira a waya, na tura saƙo, wasu har shago na bi su. Amsar ba ta wuce "sai ƙarshen wata" ko "ai na ba wane ya kawo". Na san halin da ake ciki tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ni ma a gidan mai ɗaya nake layi da ku. Amma mutumin da ya sauya wa motarsa rim ya sa mata sabuwar sifika, bai kamata kuɗin ƙungiya ya gagare shi ba. Ma'aji zai karanto lissafi dalla-dalla a wurin taro, littafin kuma a buɗe yake ga duk mai son dubawa.

Wannan giɓi ne ya sa ba a sayi na'urorin oba-oba da aka amince da su ba. Na ji ana cewa kwamiti ya yi barci. Kwamiti ya je kasuwa, ya ji farashi, ya dawo ya tarar da asusu ba zai ɗauka ba. Akwatin agajin gaggawa an sayi ɗaya maimakon kowace mota ta samu nata. Bitar tuƙi da aka shirya yi da jami'an kiyaye haɗurra mu muka ɗage ta, domin waɗanda suka rubuta suna ba su kai a tayar da baƙo daga ofishinsa dominsu ba. Tafiyar tsaunin Mambila na jihar Taraba ma an jingine ta, zan dawo kanta.

Abin da za mu yi alfahari da shi bana shi ne tafiyar Jos. Alhamdu lillahi, kowace mota da ta bar Katsina ta dawo da ƙafarta, ba janwe, ba asibiti. Mun tashi bayan asuba, muka bi ta Kankiya da Bichi zuwa Kano, 'yan uwanmu na Daura suka biyo ta Kazaure muka haɗu, daga nan Zariya, Pambeguwa, Saminaka, Jengre, muka shiga Jos da sauran rana. An yi haka ne da gangan don kada dare ya same mu a hanya. Katsina tana wajen mita 500 ne sama da teku, Jos kuwa wajen 1,200, don haka waɗanda suka yi dariya da aka ce a zo da rigar sanyi, su ne suka fara neman bargo a masauki.

Ba sa'a kaɗai ta kai mu ta dawo da mu ba. Ana jajibirin tafiya bakanikenmu, Allah ya saka masa da alheri, ya wuni yana duba motoci bai karɓi ko sisi ba. Ya duba birki, ruwan lagireto, safaya, jak da abin kashe gobara. A jikin kowace taya ya nuna mana lambobi huɗu na sati da shekarar da aka ƙera ta, aka gano wasu tayoyin gwanjo masu kyan ido sun daɗe da wuce shekara huɗun da hukumar kiyaye haɗurra ke gargaɗi a kai. Masu su sun yi gunaguni, amma sun sauya. Ya kuma sa an zubar da tsohon man birki a motoci da dama. Ya ce man birki yana shan danshin iska a hankali: sabon man birki nau'in DOT 3 sai zafi ya kai digiri 205 na Celsius yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa a wajen 140 ya fara. In ya tafasa, ka taka birki ƙafarka ta nutse har ƙasa, motar ba ta san kana yi ba. A titunanmu na Katsina da ke shimfiɗe, mutum zai yi shekaru bai taɓa gane man birkinsa ya lalace ba. Doguwar gangara ce ke tona asiri.

Washegarin isarmu Jos muka bi ta Bukuru da Riyom, aka tsaya aka yi hotuna a wajen duwatsun nan da ke ɗore kan juna, sannan muka nufi Hawan Kibo don sauka zuwa ruwan Assop. Kafin a fara gangara Shugaba ya tsayar da kowa a gefen titi ya maimaita sharuɗɗa. Mota ta gaba ita ke da iko da gudu, babu mai wuce ta. Bakanike ne a ƙarshe, babu mai zama bayansa. Kowa ya sa ƙaramar giya, mai otomatik ya mayar L ko 2, inji ya riƙe motar, birki ya zama na taimako. An hana sa mota a firi, ɗabi'ar nan ta tsimin mai, domin a gangara irin wannan duk nauyin motar kan birki yake komawa har ya ɗau zafi ya daina kamawa. Muka sauka a hankali, tsakanin mota da mota akwai tazara, muna wuce tireloli da tankoki da ke nishi a hannun hawa. Wanda ya leƙa gefen hanya ya ga ragowar ƙarafunan motocin da suka riga mu, bai buƙaci ƙarin wa'azi ba. A Assop aka ci abinci, yara suka jiƙa kayansu, iyayenmu biyu da suka ce ba za su sauka kan duwatsu ba sai ga su a gaba-gaba. Uwar ɗakinmu da ta haɗo dambun nama da kilishi tun daga gida, mun gode, Hajiya.

Sai dai a dawowa, wajen hawa, an yi abin da dole in rubuta. Wasu ƙannenmu a mota biyu suka fita daga layi suka kama tsere, ɗaya na bin ɗaya, na gefen direba na ɗaukar bidiyo. A wata kwana da ba a ganin abin da ke bayanta suka yi aron hannu don wuce wata tirela, sai ga motar haya ta fito tana gangarowa. Direban hayar ne ya kauce har tayarsa ta bar kwalta. Allah ne ya tsare, da kuma hankalin bawan Allan nan da ba mu ma san sunansa ba. Ba zan kama suna a nan ba, sun san kansu, kwamitin ladabtarwa ya zauna da su.

Ƙannena, na san daɗin da ake ji in mota ta amsa totur a kwana. Amma ku yi lissafi. A gudun kilomita 100 mota tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, kafin ma ƙafarka ta bar totur ta kai birki ka wuce gida biyu. In ka ninka gudu, nisan da birki ke buƙata ninki huɗu yake zama, a busasshen titi ke nan mai lafiya. A kan tudu ga tsakuwa a kwana, ga man da manyan motoci ke ɗigarwa, ga hazo da damina, ga shanu da masu babur, ga babbar mota da ta lalace an jera mata ganye. Ƙa'idar hanya ta ba ƙaramar mota kilomita 80 a babban titi, 50 a cikin gari, kwanar dutse kuwa ba ta jure ko wannan. Sannan tafiyar ayari tana da nata haɗari da mai tafiya shi kaɗai ba ya da shi. In na gaba ya ƙara wuta kaɗan, na baya sai ya ƙara da yawa kafin ya cim masa. In ɗaya ya yi obatekin, na bayansa ya bi shi ido rufe, alhali gurbin mota ɗaya ne. Ga kunya: babu mai so a ce motarsa ce ta kasa. Shi ya sa aka ce in an bar ka a baya kada ka kore, za a jira ka a mahaɗar gaba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda bidiyon ya samu masu yabo a zauren WhatsApp. Mutanen da ba su zo taro ba, ba su biya ba, ba su je Jos ba, su ne ke tura alamar wuta suna cewa direba ya iya. Da an yi rashin sa'a, Shugaba da ni ne za mu shiga gidan iyayen yaran nan da bayani, ba ku ba.

Wannan ne ainihin dalilin jingine Mambila, ba tsoro ba kamar yadda wasu ke faɗa. Hanyar Gembu, babban garin Mambila, ta Jalingo, Bali da Serti doguwa ce, daga Mayo Selbe kuma hawa ne mai kwana a kan kwana har ka kai tudun da ya fi na Jos tsawo nesa ba kusa ba. Akwai wuraren da waya ba ta kamawa, ko lambar 122 ta kiyaye haɗurra kake son kira sai ka nemi sabis. Ba za mu kai iyalan mutane can ba babu oba-oba, babu bita, ga direbobin da ba su jin magana.

Kwamiti ya yanke shawarar kawo wa babban taro abu uku don amincewa. Wanda ake bi bashin wata uku ba za a rubuta motarsa a tafiya ba. Motar da bakanike bai duba ba ba za ta shiga ayari ba, ko ta wace ce. Wanda ya wuce motar gaba ko ya yi tsere, an dakatar da shi daga tafiya ta gaba.

Wa'adina na sakatare ya ƙare da wannan rahoto, kuma ina roƙon a samu wani ya karɓa, musamman cikin masu yawan shawara a waya. Babban taro yana nan Lahadin farko ta watan gobe bayan la'asar, a inda aka saba. Ma'aji zai zo da rasit.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya