A ba masu waƙar haƙƙinsu, ba wanda ya ɗauko ta kaɗai ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina yi muku fatan alheri, tare da godiya kan shirin da kuka gabatar game da Sam Lee, mawaƙin nan na Landan da ya duƙufa tun yana saurayi wajen raya tsofaffin waƙoƙin gargajiya na Ingila. Na ji daɗin shirin, domin da yawa daga cikinmu mun ɗauka Bature ba shi da wata waƙa sai ta jita da rawar zamani. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. An yabi saurayin sosai, su kuwa mutanen da ya karɓo waƙoƙin daga bakinsu, ko sunansu ba a ambata ba.

An haifi Sam Lee a 1980, kuma ba gadon waƙa ya yi ba. Abin da ya yi shi ne ya je ya zauna gaban wani dattijo, Stanley Robertson, mutumin Abadin ta ƙasar Sikotilan, kamar yadda ɗalibi ke zama gaban malaminsa yana ɗaukar karatu. Wannan dattijo ɗan dangin matafiya ne, waɗanda ba su da gida ɗaya, kuma ya shafe shekaru yana aikin gyaran kifi don ya ci abinci. Waƙoƙin da ke kansa kuwa daga iyaye da kakanni ya same su, ciki har da fitacciyar mawaƙiya Jeannie Robertson, wadda gwaggonsa ce. Shekaru Sam Lee ya yi yana zuwa wurinsa har dattijon ya rasu a 2009. Daga nan ya riƙa bin matsugunan Romani, waɗanda ake kira Jifsi, da sauran matafiya, yana zama da tsofaffi irin su Freda Black, yana naɗar muryoyinsu. Suna rerawa ne da baki kawai, babu kiɗa. Faifansa na farko da ya fito a 2012, wanda ya shiga jerin masu neman lambar yabo ta Mercury da ake ba mawaƙa a Birtaniya, daga irin wannan zama aka samo shi.

Dalilin da ya sa nake nacewa kan wannan shi ne an taɓa yin haka a baya. A 1903 wani Bature malamin kiɗa mai suna Cecil Sharp ya ji wani mai kula da lambu, John England, yana waƙa a ƙauyen Hambridge na yankin Somaset. Daga nan ya shiga tattara waƙoƙi har kusan 5,000 a Ingila da Amurka. Aiki ne babba, ban raina shi ba. Sai dai an gyara kalmomin wasu waƙoƙin don su dace da yaran makaranta, an ɗora musu kiɗan fiyano, yau ga katafaren gini a Landan da sunan Sharp. Manoma da leburori da tsofaffin matan da suka rera masa fa, mutum nawa ne ya san su?

Su kuma matafiyan, har yanzu ba su huta ba. Wata doka da Birtaniya ta yi a 1994 ta sauke wa ƙananan hukumomi nauyin samar musu wuraren sauka, ta 2022 kuma ta mai da zama da mota a filin da ba a ba ka izini ba laifi. Waƙar da ake koya a bakin wuta idan dangi sun haɗu, ina za a koye ta idan an hana dangin haɗuwa? Jama'a na tafa wa waƙar a babban zaure, masu ita kuwa ana korarsu daga bakin hanya. Wannan yana min ciwo ƙwarai.

Shi kansa Sam Lee yakan faɗi sunan wanda ya koya masa waƙa kafin ya rera ta. Ina roƙonku ku ware wani shiri ku sa mana muryoyin tsofaffin nan yadda aka naɗe su, tare da sunayensu da garuruwansu, ku fassara mana abin da suke cewa.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Naku mai sauraro,
daga Zariya