Sanarwa kan fim ɗin dattawan masaƙa

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

Za mu haɗu ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar, a inda muka saba, don mu kammala shirin gajeren fim ɗinmu kan tsofaffin ma'aikatan masaƙun Kakuri a Kaduna. Masaƙar KTL (Kaduna Textiles Limited) da ta fara aiki a 1957 an rufe ta tun 2002, kuma mutanen da suka ƙare ƙuruciyarsu a gaban injin saƙa yau sun tsufa, da yawansu a kaɗaice.

Makon jiya na ziyarci wani baba daga cikinsu. Ɗaki ɗaya, rediyo a gefen tabarma, ƴaƴa duk sun tafi neman abinci. Na yi niyyar minti talatin, sai da aka kira magariba ina zaune, don ya daɗe bai samu mai sauraronsa ba. Wallahi har yanzu abin na raina.

Kowa ya zo da naira 3,000 ta kuɗin mota da ɗan abin da za mu riƙa wa dattawan. Mai kyamara ko makirufo ya taho da su.

Sharaɗi ɗaya ba sassauci: ziyarar farko gaisuwa ce kawai, babu kyamara. Ba a ɗaukar kowa sai da yardarsa, kuma kada a ɗora komai a TikTok kafin su kalla da idonsu.

Wanda uzuri ya hana shi ya sanar kafin Juma'a.

Allah ya bar zumunci, ya sa mu gama lafiya.