Kukan Inna ya ɗauke, ni kuma tsorona ya ƙaru

Assalamu alaikum Malama, sannu da ƙoƙari. Shekaranjiya Inna ta kira ni ɗaki ta miƙo min atamfofinta da 'yan kunnenta, wai in rabar, ita ta zama kaya a wuyan mutane. Tun ranar ban runtsa ba.

Baba ya rasu a 2021. Duk takabarta, wata huɗu da kwana goma, ni na tare a gidan, ba mai cewa ban yi ba. Maigidana direban tirela ne, Kano zuwa Legas, sai ya yi sati biyu a hanya, ga yara huɗu, dole na koma ɗakina. A lokacin kuka take dare da rana. Da shekara ta zagayo kukan ya ɗauke, kowa ya ce ta dangana. Sai ciwon jiki: yau baya, gobe ƙirji, jibi tsakar kai. An auna sukari lafiya lau, hawan jinin da dama take da shi ne kawai. Ƙarfe uku na dare ta farka, shi ke nan har asuba. Matar da ba ta fashin Islamiyya, yanzu ko suna a maƙwabta ba ta leƙawa. Bana kuma sai ga mantuwa da faɗa.

Matar yayana, Allah na gani, a bakin ƙofa take dire mata kwanon tuwo kamar almajira, wai gigin tsufa ne. Shekara 68? Wani likita ya ce mai yiwuwa ciwon damuwa ne, a tsofaffi yakan ɓuya cikin ciwon jiki da mantuwa, kuma yana jin magani, a ga likitan ƙwaƙwalwa. Da na ambaci asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, Yaya ya ce uwarsa ba mahaukaciya ba ce, rubutu zai karɓo. Shi da sai ya kwana uku bai shiga ɗakinta ba.

Na manta, da Babbar Sallah na ɗaga mata murya, na ce ƙorafin ya isa. Gajiya ce wallahi, kuma na roƙi gafara. Amma matar Yaya ta yaɗa a dangi wai daga nan ta rage cin abinci.

Malama, in ɗauko ta ba da izinin Yaya ba? Ɗaki biyu gare mu, maigidan ma ban tuntuɓe shi ba. Kuma don Allah, maganata ce ta jawo?

'Yarki daga Kano