Zuwa ga abokan cinikinmu masu tayar da tsofaffin motoci: birki tukuna, sannan inji

Assalamu alaikum Alhazai da Hajiyoyi, iyayen gida da ƙanne, da duk wanda motarsa ta taɓa kwana a garejinmu na nan Greensboro, Amurka. Ya aiki, ya iyali, ya ɗawainiya? Allah ya bar zumunci.

Wannan takarda ba ta shafi masu kawo Camry ko Sienna a canza baƙin mai ba, ku aikinku na nan yadda kuka saba. Da masu sha'awar tsofaffin motocin Amurka muke, waɗannan masu ƙaton inji na wajen 1964 zuwa 1972, da ake saya a kwance a riƙa tayarwa kaɗan-kaɗan ranakun hutu. A da sai jefi-jefi muke ganinsu. Yanzu da wuya ka leƙa bayan gareji ba ka tarar da wata lulluɓe da tamfol ba, kuma muna jin daɗin hakan, don aiki ne da bakanike ke yi da marmari. Sai dai daga farkon wata mai kamawa za mu sauya yadda muke karɓarsa, muka ga gara ku ji dalili daga bakinmu.

Ba za mu ƙara wa kowace mota ƙarfin inji ba sai mun gamsu da ƙarfenta, da birkinta, da sitiyari, da layin manta. Ko da mutum ya zo da sabon inji a bayan akori-kura, da kuɗin aiki a hannu, haƙuri za mu ba shi har a gama waɗannan.

Dalilin na cikin yadda aka ƙera motocin tun asali. A 1964 kamfanin Pontiac ya ɗauki motar iyali matsakaiciya, Tempest, ya cusa mata inji mai lamba 389, ya kira ta GTO. Kasuwa ta karɓa, sauran kamfanoni suka bi sahu, aka yi ta tsere har 1970, shekarar da Chevrolet ta fitar da Chevelle SS 454 (SS wato Super Sport, samfurinta na gudu) mai injin LS6, lita 7.4, da aka rubuta masa ƙarfin doki 450. Daga nan sai dokar tsabtace iska ta 1970, da tsadar inshora, da ƙarancin fetur na 1973 suka taru suka kashe yayin. To amma a duk tsawon tseren nan gudu ake sayarwa, ba tsayawa ba. Da yawansu sun fito da birkin ganga a ƙafa huɗu, da siraran tayoyi, da bel ɗin kujera na ƙugu kawai.

Bari mu ɗauki Chevelle ta 1968 zuwa 1972, tunda ita aka fi kawo mana. Yawancin waɗanda ake samu da kuɗin da ɗan adam zai iya ba SS ba ne, Malibu ce zalla, wato Chevelle ta yau da kullum, wadda ta fito da ƙaramin inji 307 da birkin ganga da aksil ɗin baya mai noti goma. SS ta gaskiya ta 1970 kuwa, kamfani bai tsaya ga inji ba: ya sa mata birkin faifai a gaba, da aksil mai noti goma sha biyu, da sifirin masu tauri. Abin da ke faruwa shi ne, wani ya sayi Malibu, ya manna mata tambarin SS, ya zana mata ratsi biyu a bonet, ya jefa injin 454 a ciki, sauran kuma ya bar su yadda suke. Ga ƙarin nauyin wajen kilo 50 a kan ƙafafun gaba, ga ƙarfi ya ninka, ga birkin da aka yi wa motar kai yara makaranta. Takun farko za ta tsaya. A taku na uku ko na huɗu a gangare, ganga ta ɗau zafi, feda ya yi tauri, mota kuma tana ta tafiya abinta. A titin I-40 da yamma, inda kowa ke gaba da kai da birkin zamani, wannan ba abin wasa ba ne.

Tunda zancen tambari ya shigo, don Allah a daina biyan kuɗin SS saboda an ga haruffa biyu a jiki. Daga 1966 zuwa 1968 lambar shasi na nuna ta, tana farawa da 138. Daga 1969 kuwa SS ta koma ƙari da ake zaɓa a kan Malibu, yawanci lambar shasin ba ta faɗa. Shaidar da ake nema ita ce takardar haɗi ta masana'anta, wadda akan tsinta a maƙale a wayoyin kujerar baya, ko ƙarƙashin kafet, ko a saman tankin mai, sai kuma lambar da aka buga a gaban inji ta ɓangaren fasinja, wadda ya kamata ta yi daidai da ƙarshen lambar shasi. Kada kuma a tsorata in an ƙirga lambar aka ga 13 ce, mai 17 ɗin sai daga 1981 ta fara. Motar da ba ta da takardar mallaka kuwa, komai arharta a bar wa mai ita.

Shi ya sa muke roƙo a kira mu kafin a biya, ba bayan an biya ba. Za mu tura yaro ya bi ku, ko a kawo ta mu ɗaga ta sama. Kuɗin dubawa kaɗan ne, kuma in aikin ya dawo hannunmu za mu cire shi daga lissafi.

Abin da muke fara nema tsatsa ce, domin ita ke cinye aljihu fiye da komai. Inji ko ya mutu murus a sati kaɗan an tayar da shi. Ruɓaɓɓen bodi kuwa sai mai walda ya shafe watanni. A Chevelle ruwa na taruwa a kwarmin gilashin baya, ya tsiyaya cikin but, ya cinye ƙasansa. Mai rufin leda ta fi muni, don ledar na riƙe danshi, ka ga ƙananan ƙuraje a ƙarƙashinta, ka danna da yatsa ka ji yana ƙaras-ƙaras. Muna duba gindin fenda ta gaba, da bayan tayar baya, da daɓen ƙarƙashin kafet, da inda bodi ke zama a kan shasi, da lanƙwasar shasin dab da ƙafar baya. Muna naɗe maganaɗisu a ƙyalle mu bi jikin motar da shi: inda ya kama ƙarfe ne, inda ya zame an cika da bodi-fila an fesa fenti a kai. Motar da ta yi rayuwarta a Ohio ko Michigan ko Pennsylvania, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, sai an ninka bincike. Ta Arizona kan zo da ƙonannen fenti da fasasshen dashbod, amma ƙarfenta garau. Mu dai ta biyun muka fi so. Sabon fenti mai sheƙi a kan motar da ake neman sayarwa da gaggawa, ba girin-girin ba, ta yi mai.

Bayan ƙarfe sai birki, kuma a nan ba ma ciniki. Motocin da suka girmi 1967 yawanci tukunyar man birkinsu ɗaya ce, wato tiyo ɗaya ya fashe ƙafa huɗu sun tafi gaba ɗaya. Za mu canza ta da mai gida biyu. Bututun ƙarfe da tiyon roba duk sababbi, ko da na ciki na da kyan gani, don roba kan kumbura ta ciki ta riƙe birki ba a sani ba. Gaba kuma faifai za mu sa, tare da bawul ɗin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. A sani cewa wasu tsofaffin rim masu inci 14 ba sa shiga a kan sabon birki, don haka kada a yi gaggawar sayen taya. Ita ma tayar, zanenta ba shi ne shekarunta ba. A gefenta akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT: in an ga 2319, sati na 23 ne na 2019. In lamba uku ce, tun kafin 2000 aka yi ta, ko gwaji ba za mu fita da ita ba. Masu kwance ganga a gida kuma, kada a hure ƙurar da iska, tsofaffin takalman birki na iya ƙunsar asbestos mai cutar da huhu. A jiƙa a goge.

Sai mai. Fetur ɗin yawancin gidajen mai a nan na da ethanol kashi 10 cikin ɗari, yana cin tsohuwar roba, yana jan ruwa in mota ta daɗe a ajiye, kafireta ta cika da farin gari. Tiyon mai da ya tsage a saman inji mai zafi, ga wayarin da ya haura shekara hamsin, wani ma an yi masa ɗaurin ƙulli da salatif, ai kun san ƙarshen zancen. Muna canza tiyo, mu wanke tanki ko mu sauya shi, mu bi waya ɗaya bayan ɗaya. Kowace mota za ta bar nan da tukunyar kashe gobara a ƙarƙashin kujera.

In an wuce nan, bismillah, a zo a yi maganar inji, amma sai mai mota ya amsa mana tambaya ɗaya: adana ta zai yi yadda ta fito, ko hawa yake so? In lambobinta sun yi daidai, shawararmu kada a yanka komai, kada a huda komai, duk abin da aka cire a sa a kwali a ajiye, don darajarta na cikin asalinta. In kuwa Malibu ce da aka riga aka canza wa inji tun zamanin da, to hannu a sake yake, kuma gaskiya ita ta fi daɗin aiki.

Ga mai son hawa, abin da ya fi biyan kuɗinsa ba shi ne ya fi ƙara ba. Cire fayint, wato tsohon tsarin ba fulogi wuta, a sa wutar lantarki ta zamani, mota ta riƙa tashi bugu ɗaya. Lagireto na alminiyam saboda zafin Yuli. Sai giya mai ƙarin hawa: da yawa sun zo da Powerglide mai giya biyu kacal, wasu kuma haƙoran aksil ɗinsu 3.73 ne, a gudun mil 70 inji na juyi sama da 3,000 a minti, yana kuka yana shan mai. Giya mai hawa huɗu ko biyar kan sauya motar fiye da ƙarin doki hamsin. Masu son injin LS 5.3 na akori-kurar Silverado, muna sawa, inji ne mai haƙuri kuma yana da araha a wurin 'yan gwangwan. Sai dai arhar a nan ta tsaya. Akwai mazaunin inji, da kaskon baƙin mai da zai kauce wa shasi, da kwamfuta da wayoyinta, da salansa, da famfon mai: kafireta na aiki da matsin da bai wuce psi 6 ko 7 ba, shi kuwa yana neman kusan 58. Sau da yawa waɗannan tarkacen sun fi injin kansa tsada. (Dokin 450 ɗin nan da ake ta ambato ma, a kan benci aka auna shi, ba matatar iska ba cikakkiyar salansa. Daga 1972 aka koma aunawa da kayan jiki duka, lambobi suka faɗi. Kada a kwatanta shi kai tsaye da na motar yau.)

Wanda zai riƙe tsohon injinsa, abu biyu. An hana fetur mai dalma a titunan Amurka tun 1996, don haka in an buɗe kan inji za mu sa mazaunin bawul mai tauri. Na biyu, irin kamshaf ɗin waɗannan injuna na bukatar baƙin mai mai sinadarin zinc da yawa, wanda aka rage a man zamani. Ranar da aka fara tayar da sabon haɗi, ba a barinsa a silo: minti 20 zuwa 30 ake riƙe shi tsakanin juyi 2,000 da 2,500, mutum ɗaya na kallon agogon zafi, wani na leƙen ɗigo a ƙasa. In aka yi sakaci a wannan rabin awa, kamshaf ya cinye, garin ƙarfe ya bi inji duka, sai a sake kwancewa. Wannan tayarwar a nan za a yi ta, a gabanmu.

Mun san da yawanku don ku taɓa da hannunku kuka sayi motar, ba don ku miƙa makulli ba. Saboda haka ranar Asabar bayan azahar mun ware rami ɗaya da na'urar ɗagawa ga masu son yin aikinsu, da sufanu, da bakanike ɗaya a kusa. Sai an yi rajista tun ranar Alhamis. Ba a shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai, a nan ko a gida. Duk abin da za a kwance a ɗauki hotonsa tukuna, notuna a leda, a rubuta inda suka fito. Bayan wata shida ba wanda ke tunawa, har mu.

Biya kuma zai koma mataki-mataki: kafin alƙalami na matakin da za a shiga, a gama, a zo a gani, sannan a wuce gaba. Kayan da mutum ya sayo da kansa a intanet za mu ɗaura, amma ba mu da alhakinsu in sun ba da matsala. Motar da aikinta ya tsaya fiye da wata biyu za ta fara biyan kuɗin ajiya, don filin ya yi mana kaɗan. Mai tunanin riba kuma ya sake lissafi. Farashin da ake gani a gwanjon Barrett-Jackson na Scottsdale ko na Mecum na motoci ne masu cikakkun takardu. Malibu da aka gyara a gareji da wuya ta mayar da abin da aka zuba mata. Masu niyyar aika ta gida, a tuntuɓi ejan tun kafin a fara kashe kuɗi, domin kwastan na Najeriya na da ƙa'idar shekarun motar da ake shigarwa.

Idan lokacin kasuwar Charlotte AutoFair ya zo za mu je neman kayan gyara, mai bukatar wani abu ya rubuto mana shekarar motarsa da lambar shasi. Waɗanda motocinsu ke bayan gareji yanzu kuma, muna roƙon ku leƙo kafin ƙarshen wata, da takardar mallaka da rasitan abin da aka riga aka saya, mu zauna mu tsara matakin kowa.

Mun gode ƙwarai. Allah ya tsare hanya.

Naku,
Maigidan gareji da yaransa