A riƙa tantance binciken kimiyya a bainar jama'a

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili in yi tsokaci kan yadda ake wallafa binciken kimiyya. Tun bayan sanarwar Budapest ta 2002, wadda ta yi kira da a bar kowa ya karanta binciken masana kyauta a intanet, mujallu da dama sun daina karɓar kuɗi daga mai karatu, sai dai wasunsu sun ɗora nauyin a kan marubuci, wanda sau da yawa ba shi da halin biya.

Ta fannin tantance bincike kuwa, tsarin da ya fi kwanta mini shi ne na mujallar Atmospheric Chemistry and Physics, wadda tun 2001 take baje maƙala a intanet kafin a amince da ita, masana su rubuta sukarsu kowa yana gani, marubuci kuma ya kare kansa a rubuce. Mai tantancewar da ya san za a karanta hujjarsa ba zai yi aikin ganin dama ba.

Naku,
Wani mai karatu