Wasiƙa zuwa ga aminina mai shirin tahowa karatu

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya su Hajiya da ƙannenmu? Na ga saƙonka cewa takardar shiga jami'a ta fito. Alhamdu lillahi, Allah ya sa a fara a sa'a.

Ka tambaye ni nawa za ka riƙa warewa na data. Kwantar da hankalinka, muddin kana cikin harabar makaranta ba ruwanka da sayen data. Akwai Wi-Fi da ake kira eduroam. Sau ɗaya za ka saita shi da adireshi mai kama da na imel da makaranta ta ba ka da kalmar sirri, daga nan ko laburare ka shiga ko ɗakin lacca, wayar da kanta take kamawa tana aljihunka. Wani ɗan ƙasar Holan, Klaas Wierenga, ya kawo shawarar a 2002, yanzu abin ya bazu a ƙasashe sama da 100. Watan jiya na je taro wata jami'a a ƙasar da ban taɓa takawa ba, ban ko ajiye jaka ba saƙonni suka fara shigowa. Abin da ke bayan alamar @ a adireshinka shi ke nuna makarantarku, sai a tura tambaya can makarantarku a tabbatar kai nasu ne. Masu masaukin ba sa ganin kalmar sirrinka.

Amma ga inda nake so ka buɗe kunne. Makona na farko na yi gaggawa. Da waya ta nemi takardar shaidar makaranta, wato shaidar da ke tabbatar mata cewa wannan eduroam ɗin na gaskiya ne, sai na zaɓi kada a tantance. Ta kama, na yi ta murna. Wani ma'aikacin sashen kwamfuta ne ya duba wayar ya girgiza kai. Ya ce kowane ɓata-gari na iya kunna 'yar na'ura ya laƙaba mata suna eduroam, wayar da ba ta duba shaida kuwa za ta miƙa masa bayananka ba tare da ka taɓa ta ba. Wallahi jikina ya yi sanyi, domin kalmar nan ita ce ta imel ɗina, ita ce ta rajistar kwasa-kwasai da duba sakamakon jarrabawa. A take na canza ta.

Don Allah kada ka saita da hannu. Sauko da manhajar geteduroam, ka nemi sunan jami'arku, ita za ta saka shaidar daidai. Idan sun riga sun turo maka adireshi, yi tun kana gida, don ranar da ka sauka ba lallai kana da layin ƙasar ba.

Ka sanar da ni ranar tashinku in tarbe ka. Idan da wuri a jaka, ka taho mini da yaji da kuka.

Ka gaida kowa da kowa.

Naka har kullum,
Amininka